Maigida na da tarin fuka mai bijire wa magani: yaya za a kare sauran 'yan gida?

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa daga Ƙofar Marusa ta ce an gwada maigidanta, an sami tarin fukan da ba ya jin magani. Ta ware masa kwano da kofi, tana tambaya ko hakan ya isa ya kare yaranta huɗu da surukarta. Allah ya ba shi lafiya.

Bai isa ba, 'yar'uwa, domin ba ta kwano cutar ke bi ba, ta iska ce. In ya yi tari, ƙwayoyin kan daɗe cikin iskar ɗaki har tsawon sa'o'i, musamman da hunturu da ake toshe taga da tsumma a rufe ƙofa a kwana. Ya kwana shi kaɗai a ɗaki mai taga a buɗe, da rana ya zauna a tsakar gida, ya sa takunkumi in yara na kusa. Wannan ba gudunsa ba ne. Da zarar maganin da ya dace ya kama jikinsa, yaɗuwar tana raguwa sosai, kuma gwajin kakin da ake masa wata-wata zai nuna lokacin sassautawa.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, wanda ya ɗauka daga wurinsa, ƙwayar mai taurin kan ce zai ɗauka, ko da bai taɓa shan maganin tarin fuka ba. Rifampicin da isoniazid, ginshiƙan maganin da aka saba bayarwa, ba za su yi masa aiki ba. Don haka ku kwashi kowa, har surukar, ku je sashen tarin fuka na asibiti, wato DOTS, inda ake ba shi magani, ku faɗa musu ƙarara irin tarin da ke gidan. Kada ku jira sai tari ya kai mako 2. Gwajin kaki da ake kira GeneXpert kyauta ne, yana gano cutar da bijirewarta ga rifampicin a lokaci guda. Ƙaramin yaro ba ya iya fitar da kaki, sai a gwada kashinsa a kuma ɗauki hoton ƙirji. A yara ma sau da yawa ba tari ake fara gani ba: rama ce, zazzaɓi mai dawowa, rashin kuzarin wasa.

Wanda aka tabbatar ba ya ɗauke da ciwon, akwai rigakafin levofloxacin kullum na wata 6, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2024. Likita ne zai yanke, bisa nauyin yaro. Don Allah kada a saya a kemis, domin in ciwon ya riga ya kama mutum ya sha magani iri ɗaya tilo, ƙara wa cutar taurin kai zai yi. A gwada kowa ƙanjamau, manya kuma har da ciwon suga, sannan a riƙa komawa dubiya duk wata 6 har shekara 2.

Shi kuma maigida, inda ake yawan faɗuwa shi ne wata na 2 ko na 3, in tari ya lafa, jiki ya murmure, sai a ajiye magani. In haɗin magungunan da ake kira BPaLM na wata 6 aka ba shi, ki lura da illar maganin linezolid da ke ciki: tafin ƙafa ya riƙa zafi ko ya mutu, gani ya dushe, ko jini ya ragu. Da kin ga haka ku koma asibiti a ranar, su za su gyara masa adadin.