Tambaya da Amsa: Wai wane ne Yunus Mahmud na Iraƙi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kuna lafiya. Musu ne ya kaure a majalisarmu, wani abokinmu ya dage wai akwai ɗan ƙwallon Iraƙi da ya taɓa shiga jerin Balon Do, mu kuma muka ce ina, ƙasar da ke fama da yaƙi? Don Allah a raba mana gardama.
Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. To ku ba abokin naku haƙuri, shi ke da gaskiya. Sunan ɗan wasan Yunus Mahmud, ɗan gaba ne, an haife shi a 1983 a yankin Kirkuk, kuma a 2007 ya shiga jerin 'yan takarar Balon Do, wato kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, shekarar da Kaka ya ɗauka, shi kuma Yunus ya zo na 29.

Abin da ya kai shi can kuwa Kofin Asiya ne na wannan shekarar. Lokacin Bagadaza kullum bam ke tashi, ko atisaye 'yan wasan ba su iya yi a gida ba sai a Jodan suka haɗu, kocinsu ɗan Brazil Jorvan Vieira ma 'yan makonni kawai ya samu da su, amma haka suka lallasa Ostareliya 3-1, suka fitar da Koriya ta Kudu a bugun fenareti a wasan kusa da na ƙarshe. A ranar ce aka tayar da bama-bamai cikin masu murna a Bagadaza, mutum wajen 50 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, da wace zuciya mutum zai buga wasan ƙarshe bayan irin wannan labari?

Amma suka fito. Ranar 29 ga Yuli a Jakarta suka kara da Saudiyya, saura minti ashirin ba kaɗan a tashi Hawar Mulla Muhammad ya bugo kwana, Yunus da ke sanye da kambun kyaftin ya tashi ya sa mata kai, sai raga. 1-0 aka tashi. Tawagar nan akwai 'yan Sunni, akwai 'yan Shi'a, akwai Kurdawa, a daidai lokacin da ake zubar da jini a gida kan wannan bambancin. Yunus aka ba gwarzon gasar, ƙwallo 4 ya ci.

Ina ga abin da ya sa ba ku san shi ba, bai taɓa bugawa a Turai ba, mu kuma gidajen kallonmu daga Firimiya sai Laliga. Yawancin rayuwarsa ta ƙwallo a Qatar ya yi ta, musamman kulob ɗin Al-Gharafa. Ya buga wa ƙasarsa wasa 148 ya ci 57. Kuma in musun ya sake tashi ku tuna, tun a Olamfik ta 2004 yana cikin waɗanda suka zura wa Fotugal ɗin su Ronaldo ƙwallo, Iraƙi ta ci 4-2.