Kaina ya toshe, na rasa abin da zan riƙa ɗorawa don tallata sana'ata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni baduku ne a nan cikin garin Sakkwato, gadon sana'ar na yi. Ina ɗinka takalman fata, alabe da jakunkunan mata. Kusan shekara guda ke nan ina ɗora hotunan kayana a sitatus na WhatsApp da kuma Facebook. Da farko abin ya yi armashi, amma yanzu kaina ya toshe. In na ɗauki waya sai in rasa mi zan ce, hoton takalmi ne dai da "akwai na sayarwa", har ni kaina abin ya gundure ni. Wani lokaci sai in yi mako biyu ban saka komai ba. Malam, ina masu ɗorawa kullum ke samo dabarunsu?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Abin da ya same ka ya sami masu ƙananan sana'o'i da yawa, kuma dalilin a fili yake. Ka ɗauki talla a matsayin nuna kayan da aka riga aka gama, su kuwa kayan nan suna da iyaka. Samfurin takalmi nawa kake yi? A ce goma, ga alabe, ga jaka. In ka nuna kowanne ta gaba, ta gefe, ta ƙasa, cikin 'yan watanni ka ƙure su. Daga nan sai mutum ya zauna da waya a hannu yana jiran dabara ta faɗo masa. Masu ɗorawa kullum ba su fi ka basira ba, tarawa suke yi, kuma abin da suke tarawa yana nan jibge a rumfarka.

Fara da wayarka. Yau da dare bayan isha'i, ɗauki biro da ɗan littafi, ka buɗe hirarrakin da ka yi da masu saye, ka koma baya kamar wata uku. Duk tambayar da aka yi maka ka rubuta ta yadda mai ita ya faɗe ta, kada ka gyara. Za ka ga irin su: "Fata ce ta gaske ko roba?" "In ruwa ya taɓa shi zai lalace?" "Ƙafata faffaɗa ce, za a samu?" "Kuna aikawa Abuja?" "Mi ya sa naku ya fi na kasuwa tsada?" Tambayar da mutum biyu suka yi maka, ka tabbata ta tsaya wa wasu da dama a rai, ba su dai tambaya ba, suka wuce abinsu. Kowace ɗaya bidiyo guda ce.

Ɗauki ta farkon. Sami guntun jemammiyar fatar akuya da guntun robar nan da ake yin takalman kanti da ita, ka ajiye su gefe da gefe a kan katakon yankanka. Juya bayan kowanne a gaban kamara: bayan fata zare-zare ne na jikin fatar kanta, bayan roba kuwa yadi ne aka manna. Ɗiga musu ruwa. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in ba a shafe fuskarta da wani abu ba, za ta shanye ɗigon, wurin ya yi duhu. A kan roba sai ya tsaya ya gangare. Kana yi kana magana yadda kake yi wa wanda ya tsaya a bakin rumfarka, da Sakkwatancinka, kada ka ari muryar mai karanta labarai. Bai kai minti ɗaya ba, ba ka roƙi kowa ya saya ba, amma wanda ya kalla ya san hannun da zai danƙa wa kuɗinsa. Gani ya kori ji.

Sai aikin kansa, wanda a ganina nan ne arzikinka yake kana tsallake shi. Abin da ka tashi kana gani tun kana yaro ya daina ba ka mamaki, shi ya sa ba ka ɗauke shi labari ba. Mai saye a Kaduna ko Legas bai taɓa ganin an tsoma fata cikin ruwan bagaruwa ba. Bai san jan rinin nan na gargajiya daga karan dafi ake samunsa ba. Je wurin majeman da kake sayen fata, ka nemi izininsu, ka ɗauka. Nuna yadda kake zana ƙafar mutum a takarda, yadda wuƙa ke bin zanen, yadda basilla ke huda fata zare na biye. Takalmi guda, daga fata zuwa ƙafar mai shi, zai ba ka abin ɗorawa na mako guda. In akwai dattijo a gidanku da ya tsufa a kan dukanci, zauna kusa da shi ka tambaye shi yadda ake yin kube ko kayan doki a zamaninsu. Ga kuma tarihin da ba kowa ke da irinsa ba: fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Wanda kayansa ke da irin wannan asali bai kamata ya tsaya kan "akwai na sayarwa" ba.

Lokutan shekara su ma suna faɗa maka abin cewa. A hunturu fata na bushewa tana tsagewa, sai ka koya wa mutane shafa mata mai. Da damina ka gargaɗe su kada su shanya jiƙaƙƙen takalmi a rana ko kusa da wuta, a cusa masa takarda a bar shi a inuwa, in ba haka ba ya ƙandare. Odar Sallah kuwa tun kafin a kama azumi ake fara tuna wa mutane ita, ka faɗi ranar da za ka rufe karɓa, domin kai ma kada ka shiga sahun masu saɓa alkawari daren Sallah. Kamar wata biyu da kwana goma bayan nan ga layya: ɗan bidiyo kan yadda ake fiɗa ba a huda fata ba, da yadda ake barbaɗe ta da gishiri kafin ta fara wari, zai zaga gari, domin kowane gida na da buƙatarsa. Kada ka manta da baƙi. Masu bautar ƙasa da ke fitowa daga sansaninsu na Wamakko, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo lokacin tafiya hutu, masu ziyarar Hubbaren Shehu, duk tsaraba suke nema. Saboda su, wani lokaci ka ƙara layi ɗaya da Turanci.

Wani abin da kake kira toshewar kai gajiya ce kawai. Mutumin da ya wuni sunkuye yana ɗinki cikin zafin Afrilu ba zai iya ƙirƙirar komai da ƙarfe goman dare ba. Raba ranar ɗauka da ranar ɗorawa. Ware safiya ɗaya a mako, kafin rana ta yi ƙarfi, ka fito da kaya inuwar da ke da haske, ka goge idon kamara da gefen riga (ƙurar garin nan ce ke dusashe hotuna da yawa, ana ɗora wa waya laifi), ka ɗauki biyar ko shida ka ajiye. Sau uku a mako ba fashi ya fi kullum na kwana goma sannan a ji ka shiru. Maimaitawa kuma ba abin kunya ba ce. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna ke ganinsa. Facebook ma ba duk mabiyanka yake nuna wa abin da ka saka ba. Bidiyon fata da roba ka iya dawo da shi bayan wata biyu, yawancin masu gani sabo ne a wurinsu. Tambayoyin da ba sa ƙarewa, irin na farashi da lambar ƙafa, zuba su a kundin kaya na WhatsApp Business, manhajar kyauta ce, tana nan tun 2018.

Leƙa na wasu ba laifi, amma ya fi amfani ka kalli mai kilishi ko mai turaren wuta ka ga yadda suke nuna aikinsu, maimakon baduku ɗan'uwanka, wanda za ka ƙare da kwaikwayonsa. Hoton kayan wani kuwa kada ka kuskura ka ɗora a matsayin naka. Haka saƙon yabo daga kwastoma: tambaye shi tukuna, ka rufe suna da lamba, balle in matar aure ce. Ko ba don dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba, Sakkwato gari ne da aka san juna.

A littafin nan naka, gaban kowane abu da ka ɗora, rubuta mutum nawa suka yi maka magana a kansa, ba nawa suka kalla ba. Bayan wata guda za ka ga wane iri ne ke kawo ciniki, sai ka ƙara yin irinsa. Kuma ka riƙa rubuta farashi a fili. Mutane da yawa na jin nauyin tambaya, kada a faɗa musu kuɗin da ya fi ƙarfinsu su rasa yadda za su janye.