Zari-ruga: Ɗan wasan da ya sauya sheƙa saboda kuɗi, maci amana ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni asalina mai kallon ƙwallon ƙafa ne, amma kwanan nan na fara leƙa zari-ruga. Na ji masu sharhi suna ta maganar wani yaro ɗan Ostireliya, Joseph Suaalii, wai ya bar "Lig" ya koma "Yuniyon" don an zuba masa kuɗi, har mutanen Lig suna yi masa kallon wanda ya sayar da gida. Shin zari-rugar iri biyu ce? Kuma wanda ya yi haka ya ci amanar wasansa ko kuwa neman na kansa yake? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. E, iri biyu ce. Yuniyon ana buga ta mutum 15 a kowane ɓangare, ita ce wadda ka fi gani a talabijin, ta su All Blacks (tawagar Niyu Zilan) da Springboks (tawagar Afirka ta Kudu). Lig kuwa mutum 13 ne, kuma ƙarfinta yana arewacin Ingila, da gabashin Ostireliya, da Papua New Guinea. A Lig idan aka kayar da ku sau shida ba ku ci ba, sai ku miƙa ƙwallo ga abokan karawa. A Yuniyon babu wannan ƙidaya, kokawa ake yi a ƙasa har wani ya ƙwace.

Amma kafin mu ɗora wa Suaalii laifi, bari ka ji yadda aka yi wasan ya rabu biyu, domin amsar tambayarka tana can.

A ƙarshen ƙarni na 19, masu riƙe da hukumar zari-ruga ta Ingila 'ya'yan masu hali ne na kudu, waɗanda suka fito daga manyan makarantun kwana. A wurinsu wasa nishaɗi ne, karɓar kuɗi a kansa abin kunya ne. A arewa kuwa, a Yorkshire da Lancashire, masu buga wasan mahaƙan kwal ne da ma'aikatan masaƙa. Ranar Asabar suna aiki. Duk wanda ya bar aiki ya je fili, an yanke masa kuɗin wannan yini, idan kuma ya karye a wasa babu mai ciyar da iyalinsa. Sai ƙungiyoyin arewa suka nemi izinin biyan 'yan wasa ladan yinin da suka rasa kawai, ba albashi ba. A 1893 aka kaɗa ƙuri'a, aka ƙi amincewa da 282 da 136. Ranar 29 ga Agusta 1895 wakilansu suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle, suka kafa tasu hukumar, suka yarda da biyan sule shida a yini. A 1906 suka rage 'yan wasa zuwa 13. Ka ga ke nan sule shida ne ya haifi Lig. Shi ya sa duk lokacin da na ji ɗan Lig yana zagin wani don ya bi kuɗi, sai gwano ya faɗo mini a rai, wanda ba ya jin warin jikinsa.

Daga 1895 har shekara 100 cur, hanya ɗaya ce: daga Yuniyon zuwa Lig, kuma babu dawowa. Wanda ya tafi an haramta masa Yuniyon har mutuwa. Ba zai buga ba, ba zai koyar ba, a wurare da dama ko ɗakin shaƙatawa na tsohuwar ƙungiyarsa ba a so a gan shi. Alhali kowa ya san a cikin Yuniyon ɗin kanta, musamman a Wales da Faransa, ana cusa wa 'yan wasa kuɗi a cikin takalmi a ɗakin sauya kaya. Wanda ya karɓa a ɓoye mutumin kirki ne, wanda ya sa hannu a takarda a bainar jama'a ya zama maci amana. A Faransa abin ya wuce nan: a 1941 gwamnatin Vichy ta haramta Lig baki ɗaya, ta ƙwace dukiyarta.

Mutanen Wales ne suka fi shan wannan zargi, har suna da sunan da suke kiran abin, wato "tafiya arewa". Ka ɗauki Billy Boston, baƙar fata daga unguwar Tiger Bay ta bakin tashar jiragen ruwan Cardiff. Burinsa ya sa jar rigar Wales. A 1953 shugabannin ƙungiyar Wigan ta Lig suka je har gidan iyayensa. Yadda ake ba da labarin, sun baje fam 1,500 a kan tebur, takardun fam biyar-biyar. Mahaifiyarsa, don ta rabu da su, ta ce sai dai 3,000. Nan take suka ce sun yarda. Boston ya tafi, ya dire ƙwallo a bayan layi sau 478 a rigar Wigan, ya buga wa Birtaniya. Ita kuwa Yuniyon ta Wales da ake cewa ya guda, sai a shekarun 1980 ta fara sanya baƙar fata a tawagar ƙasa. To amanar wa ya ci? A yau mutum-mutuminsa na tsaye a Wigan, da Wembley, da bakin ruwan Cardiff ɗin da ya baro, kuma a 2025 aka ba shi lambar "Sir", shi ne na farko da ya same ta saboda wasan Lig.

Jonathan Davies ma haka. Kyaftin ɗin Wales ne, Romaniya ta doke su a gida a Disamba 1988 aka yi masa ca, a Janairu 1989 ya sa hannu da Widnes a kan sama da fam 200,000. A can ya tarar da Martin Offiah, haifaffen Landan da iyayensa 'yan Najeriya ne, wanda shi ma daga Yuniyon ya zo a 1987, kuma a 1992 Wigan ta saye shi fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya a wasan ba a lokacin.

Sai kiɗa ya canza. A 1995 Rupert Murdoch ya zuba dala miliyan 555 a kan haƙƙin nuna wasannin Afirka ta Kudu da Ostireliya da Niyu Zilan na shekara 10, a daidai lokacin da kuɗin talabijin ke neman kwashe taurarin Yuniyon. A ƙarshen Agusta na wannan shekara hukumar Yuniyon ta duniya ta zauna a Faris ta ce daga yau an halatta albashi. Aƙidar da aka kori mutane a kanta shekara 100 ta rushe a zama ɗaya. Davies ya koma Cardiff. Waɗanda jiya ba a gaisawa da su, irin su Scott Gibbs da Alan Tait da John Bentley, da su tawagar Lions, haɗakar Birtaniya da Ayalan, ta je ta doke Afirka ta Kudu a 1997, kuma Gibbs aka zaɓa gwarzon karawar. Ruwa ya koma gangarowa ta ɗaya gefen. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2003 a Sydney, sau biyu kacal aka dire ƙwallo a bayan layi: Lote Tuqiri ya yi wa Ostireliya, Jason Robinson ya yi wa Ingila. Dukansu biyu Lig ce ta rene su.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kalmar "amana" a wannan rigima kullum tana fitowa ne daga bakin ɓangaren da aka fi ƙarfin aljihunsa a wannan zamani. Wannan ba yana nufin babu amana a wasa ba. Akwai ta, sai dai ba a wuyan yawan 'yan wasa take rataye ba, ko 13 ko 15. Tana tsakanin mutum da waɗanda ya yi wa alƙawari.

Babu wanda ya fi nuna wannan kamar Sonny Bill Williams. A Yuli 2008, ana tsakiyar kakar wasa, yana da kwantiragin shekara biyar da Canterbury Bulldogs wanda bai ci rabinsa ba, ya hau jirgi ya tafi Toulon ta Faransa ba tare da ya sallami abokan wasansa ba. Sai da aka biya Bulldogs dalar Ostireliya 750,000 kafin maganar ta mutu. Ƙorafinsa yana da tushe: gasar NRL, babbar gasar Lig ta Ostireliya, tana ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, don haka tauraro ba ya samun abin da kasuwa za ta ba shi. Duk da haka ni a ganina ya yi kuskure, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Laifinsa ba barin Lig ba ne, yadda ya bar ta ne.

Amma ka bi shi gaba kaɗan. A Faransa ya musulunta. A 2010 Toulon ta yi masa tayin maƙudan kuɗi don ya zauna, ya ƙi, ya koma gida Niyu Zilan a kan albashin da bai kama ƙafar wancan ba, saboda All Blacks ba ta ɗaukar wanda ke wasa a ƙasar waje. Ya ci kofin duniya a 2011, ya koma Lig ya ci kofin NRL da Sydney Roosters a 2013, ya sake dawowa ya ci kofin duniya a 2015, kuma a filin Twickenham ya cire lambar zinarensa ya rataya wa wani yaro da mai gadi ya kayar. A 2017 ya liƙe tambarin banki da ke wuyan rigarsa ta Blues, ƙungiyar Yuniyon ta Auckland, saboda bai yarda da kuɗin ruwa ba. Mutum ɗaya ne ya bi kuɗi a 2008, ya bar kuɗi a 2010. Wanne daga ciki za mu kira halinsa?

Brad Thorn ya sauya sheƙa fiye da sau ɗaya shi ma, amma ba a cika jin ana zaginsa ba. A 2001, shekararsa ta farko a Yuniyon bayan ya baro Brisbane Broncos, aka kira shi All Blacks, ya ce a ba wani gurbin domin bai tabbata zai zauna a wasan ba. Daga baya ya zauna, ya ci kofin duniya yana da shekara 36.

Kada kuma ka ɗauka sauyin ciniki ne mai riba kullum. 'Yan baya masu gudu su suka fi dacewa, don gudu da kauce wa mutum iri ɗaya ne a ko'ina. 'Yan gaba kuwa sai sun koyi turereniya da kokawar ƙasa daga farko, abin da ake koya tun ana yara. Sam Burgess ya ci kofin NRL na 2014 da South Sydney da karyayyen ƙashin kunci tun daga karon farko na wasan, ya tafi ƙungiyar Bath ta Yuniyon a Ingila. Bath na sa shi a gaba, Ingila na sa shi a tsakiyar baya. Aka fitar da Ingila a zagayen rukuni na kofin duniyar da take karɓar baƙunci a 2015, aka tattara laifin aka jibga masa, wasa biyar kawai ya yi wa ƙasar ya koma Sydney. Benji Marshall bai ma ƙarasa kaka ɗaya a Blues ba a 2014.

Sannan ka tambayi kanka, su ƙungiyoyin wace amana suke riƙewa? A Yuniyon ta Ingila, a 2022 Worcester da Wasps sun durƙushe, a 2023 London Irish ta bi su, 'yan wasa suka wayi gari ba aiki, wasu da bashin albashi. Wasa ne da mutum ke ci da jikinsa, shekara goma ko sha biyu an gama da shi. Steve Thompson, wanda ya ci kofin 2003 tare da Robinson, ya fito a 2020 yana da shekara 42 ya ce cutar mantuwa ta kama shi, ba ya tuna wasan ƙarshen da ya buga. Wanda ya san haka na iya jiransa, ba ni da bakin ce masa ya bar kuɗi don ya faranta wa 'yan kallo.

To, Suaalii. Yaron tun yana makaranta yana buga duka biyun, kuma Yuniyon ta yi zawarcinsa kafin Lig ta ɗauke shi. A Maris 2023 ya sa hannu da hukumar Yuniyon ta Ostireliya, a kan abin da jaridu suka ce ya kai dalar ƙasar miliyan 1.6 a shekara. Ya faɗa a fili, ya zauna ya ƙarasa kwantiraginsa da Roosters har ƙarshen kakar 2024, sannan ya tafi. Wasansa na farko a Yuniyon ta ƙwararru shi ne na Twickenham a Nuwamba 2024, Ostireliya ta doke Ingila 42 da 37, aka zaɓe shi gwarzon wasa. Ban ga amanar da ya ci ba. Idan akwai wanda za a tuhuma, hukumar ce da ta zuba wannan kuɗi a kan mutum ɗaya, alhali a 2024 ƙungiyar Melbourne Rebels ta Yuniyon ta rufe saboda bashi. Ita kuma Roosters ba ta tsaya kuka ba, ta miƙa hannu cikin Yuniyon ta ɗauko Mark Nawaqanitawase, ɗan tawagar ƙasa.

Maganar ma ba ta ƙare ba. A 2025 wata sabuwar gasa mai suna R360 ta fito tana yi wa taurarin ɓangarorin biyu tayin kuɗi. Manyan hukumomin Yuniyon suka ce duk wanda ya shiga ya yi sallama da rigar ƙasarsa. Hukumar da ke kula da NRL, jikar waɗancan mutane na otal ɗin George, ta ce nata hukuncin korar shekara 10 ne.