Gida ya yi mini, amma takardar lawan kawai ke gare shi: in biya?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Garuwa, na daɗe ina tari don in fita daga haya. Dillali ya nuna mini gida mai ɗaki huɗu, kuɗinsa bai fi ƙarfina ba. Sai dai abin da mai gidan ya riƙe shi ne takardar saye da lawan, wato mai unguwa, ya buga wa hatimi, da sa hannun shaidu. Suna matsa mini in ba da kafin alƙalami, wai wani na nema. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa wannan niyya albarka. Amma ka riƙe kuɗinka tukuna, ko sefa ɗaya kada ta fita.

Ba raina lawan nake yi ba. Shi ya san unguwa, ya san wanda ya fara kafa bukka a wurin, kuma shaidarsa tana da amfani ranar rigima. To amma a dokar Kamaru takardarsa ba ta mallaka wa kowa ƙasa. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta ce cinikin fili ko gida a gaban noter (jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki da tabbatar da su) ake ƙulla shi, in ba haka ba ya ɓaci, haka nan sayar da filin da ba a yi wa rajista ba. Shaidar mallaka ita ce titir fonsiye, wato takardar rajistar fili da gwamnati ke bayarwa. In ka biya a kan takardar lawan kaɗai ka yi cinikin biri a sama: gobe wani ya fito da titir a kan wurin, kotu shi za ta saurara, kai kuwa ka koma bin wanda ya cinye kuɗinka.

Saboda haka ka ce wa mai gidan ya fara neman titir da sunansa. A ofishin sufurefe, wakilin gwamnati a gundumarku, ake ajiye buƙatar, kwamiti ya zo ya duba wurin, ma'aikatan kadastar, wato masu awon filaye na gwamnati, su auna su kafa duwatsun iyaka. Wannan hanya ta waɗanda suka zauna ko suka raya wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974 ce, da magadansu. In bayan nan aka tare, hanyar daban ce kuma ta fi tsawo. Ka kai takardun wurin noter ya duba kafin ka ƙulla wani alkawari. In mai gidan ya ƙi jira, ka bar masa abinsa.

Ko da ka samu wani gidan mai titir, kada kwafin da dillali ya zaro daga aljihu ya ishe ka. Ɗauki lambar ka je ofishin ajiyar rajistar filaye na ma'aikatar filaye ta ƙasa (MINDCAF), ka nemi sabuwar takardar shaidar mallaka. Ita za ta nuna maka sunan mai wurin a yau, da ko an jinginar da shi a banki. Inda na fi jin tsoro shi ne gidan gado. Babban wa ya sayar, ya ce kowa ya yarda, bayan shekaru ƙanwar da ke aure a Ngaundere ta zo neman haƙƙinta, kuma da gaskiyarta. Ka nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada, kowannensu ya sa hannu ko ya ba da wakilci a rubuce.

Sai ruwa. Mutanen Garuwa ba su manta ambaliyar Binuwai ta 2012 ba. Gidan da ka gani da rani ka koma masa a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Duƙa ka dubi gindin katanga: in ka ga layin danshi, ko sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa alhali sama tsoho ne, ruwa yana shiga. Leƙa masai ka ga ko yana cikowa. Tsohuwar da ke maƙwabtaka za ta faɗa maka abin da dillali ya ɓoye.

Kuma kada ka zuba duk tarinka a farashin gida. Akwai kuɗin noter, harajin rajista, sauya suna a titir da la'adar dillali, ga bashin wuta da na famfo da ya kamata a biya kafin ka karɓi makulli. Noter zai iya yi maka lissafin tun yanzu. Ranar biya kuma a ofishinsa za ka biya, ba a zaure ba.