Yadda aka karɓi kullen korona a Legas

Malam, ka tambaya ko da gaske mutanen Legas sun ƙi yarda da korona da farko. Wasu sun ƙi, domin mutumin da aka fara samu da cutar ranar 27 ga Fabrairu 2020 Bature ne ɗan Italiya, sai aka yi ta cewa ciwon masu hawa jirgi ne. Amma da Shugaba Buhari ya kulle Legas, Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, abin da ya fi damun 'yan'uwanmu na Agege da Mile 12 yunwa ce, domin ɗan acaba ko ɗan dako sai ya fita yake samun na cefane, tallafin abincin gwamnati kuwa bai kai ga gidaje da yawa ba. Sai 4 ga Mayu aka fara sassautawa.