Zaɓin abinci da hunturu a gidan kula da tsofaffi a Ingila

Ka tambaya ko Mama, da ke gidan kula da tsofaffi a Ingila, tana da ikon zaɓar abincinta da hunturu. Tana da shi. Ƙa'ida ta 14 kan abinci da abin sha, wadda CQC (hukumar da ke duba gidajen kula da tsofaffi a Ingila) ke sa ido a kanta, ta wajabta la'akari da addini da al'adar mutum, har da naman halal. Amma ka sa a rubuta cikin takardar tsarin kulawarta, don maganar baki kan ɓace idan ma'aikata sun canja.

Wani kuskure da akan yi shi ne a tambaye ta tun jiya abin da za ta ci yau. In tana da ciwon mantuwa, mai yiwuwa ba za ta tuna ba. A kawo faranti biyu lokacin ci, ta nuna wanda take so.

Dafaffen abinci ya zauna a digiri 63 na ma'aunin Celsius ko sama kafin a raba, kuma a riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Mai ci a hankali kan ture rabi da zarar ya huce. Da sanyi ba a cika jin ƙishirwa ba, don haka a ƙirga mata abin sha cikin kofi 6 zuwa 8 a rana, har da shayi da romo. Bitamin D kuma, maikirogiram 10 kullum.

In abinci na sarƙe ta, a kira ƙwararre ya tantance matakin IDDSI (ma'aunin laushin abinci da kaurin abin sha) da ya dace da haɗiyarta.