Azumin Rajab: A Hana Kaka Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakata ba ta barin azumi a watan Rajab, wanda muke kira azumin tsofaffi. Yayana ya ce mata bidi'a ce, har ranta ya ɓaci. Mene ne matsayin wannan wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rajab shi ne wata na bakwai, yana kuma cikin watanni huɗu masu alfarma da Allah ya ambata a Suratut Tauba, aya ta 36. Manzon Allah (SAW) ya fayyace su a Hajjin Bankwana: Zulƙi'ida, Zulhijja da Muharram a jere, sai Rajab shi kaɗai tsakanin Jumada da Sha'aban. Ayar ta hana mu zaluntar kanmu a cikinsu, shi ya sa malamai suka ce saɓo a wannan lokaci ya fi nauyi.

Game da azumi kuwa, yayanki ya yi gaggawa. Shehu Khalil a cikin Mukhtasar, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan malamanmu, ya lissafa Rajab cikin watannin da ake so a azumta, tare da Muharram da Sha'aban. Ke nan iyayenmu ba da ka suka yi ba, mazhabar Malikiyya suka bi. Hambalawa ne suka karhanta keɓe shi kacokan da azumi, su ma sun ce in an sha wasu kwanaki karhancin ya gushe. Abin da malamai suka yi saɓani a kai haka ba a jefa wa tsohuwa kalmar bidi'a a kansa.

Inda yayanki yake da gaskiya shi ne batun lada. Ibn Hajar Al-Askalani, wanda ya rasu a 852 bayan Hijira, ya tabbatar babu hadisi ingantacce da ya keɓe azumin Rajab da wata falala. Don haka saƙonnin WhatsApp masu cewa azumin rana kaza daidai yake da na shekara kaza, kada ki tura su. Jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba babban haɗari ne. Haka sallar Raga'ib, raka'a 12 a daren Juma'ar farko ta Rajab, Imam Nawawi ya ce ƙirƙirarriya ce.

Kaka ta ci gaba da azuminta gwargwadon ƙarfinta, ko Litinin da Alhamis, ko ranakun 13, 14 da 15. In akwai ramuwar Ramadan a kanta, ta fara da ita. Yayanki kuma ya je ya ba ta haƙuri. Wallahu a'alam.